Yadda Aka Sauke Rana Daga Kujerar Alƙali: Sammai a Littattafan Hikimar Yahudawan Dauri

A shekara ta 672 kafin Miladiyya, Esarhaddon, sarkin Assuriya, ya tara hakimansa da sarakunan da ke biya masa haraji, ya sa suka rantse cewa idan ya mutu za su yi wa ɗansa Ashurbanifal mubaya'a. An rubuta rantsuwar a kan allunan yumɓu. Masu tonon kayan tarihi sun gano wasu daga cikinsu a kufan birnin Nimrud na Iraƙi a 1955, aka kuma sake samun wani kwafi a Tel Tayinat na kudancin Turkiyya a 2009. Kamar kowace takardar alkawari, wannan ma ta zo da sunayen shaidu, kuma waɗanda suka buɗe jerin su ne Mushtari da Zahra da Zuhal da Uɗaridu da Mirrihu da tauraron Shi'ira, sannan manyan gumakan daular suka biyo baya. A wurin mutanen wancan zamani, waɗannan taurari alloli ne masu ji da gani, waɗanda ke iya kama mai saɓa alkawari su hukunta shi da hannunsu.

Daga cikin ƙasashen da ke ƙarƙashin Esarhaddon akwai ƙaramar masarautar Yahuda, mai hedikwata a Urushalima, wato birnin Ƙudus. Sunan sarkinta Manassa ya fito a jerin sarakuna 22 da aka ɗora wa kawo kayan ginin fada a Niniba. A ƙarnonin da suka biyo baya, marubutan wannan ƙaramar al'umma sun yi wa sararin sama sauyin matsayi wanda tasirinsa ya wuce zamaninsu. Sun karɓe wa rana da wata da taurari ikon yanke hukunci, amma ba su kore su daga zauren shari'a ba. Sun bar su a matsayin shaidu: halittu waɗanda tsarinsu ke nuni ga Wanda ya tsara su, biyayyarsu kuma ta zama hujja a kan ɗan Adam mai saɓo. Wannan maƙala ta bi sawun sauyin ne a cikin matanin da Yahudawa suka adana, bisa lokutan da masana tarihi suka ƙiyasta musu.

Sama a hannun maƙwabta

Ba ƙaramin aiki ba ne a raina rana a tsohuwar Mesofotamiya. A saman ginshiƙin dutsen da ke ɗauke da dokokin Hammurabi, an sassaƙa sarkin yana tsaye gaban Shamash, allan rana, wanda shi ne alƙalin alƙalai a wurinsu, domin babu lungun da haskensa ba ya leƙawa. Allan wata, Sin, yana da manyan ɗakunan bauta a Ur da Harran. Malaman fada suna da kundi mai suna Enuma Anu Enlil, alluna kusan 70 masu ɗauke da alamu kimanin 7,000, kowace alama a sama da abin da take nufi ga sarki da ƙasa. Idan aka yi husufin da malamai suka fassara da mutuwar sarki, sai a ɗauko wani mutum a naɗa shi sarkin riƙo na tsawon kwanakin da ba su wuce 100 ba, sarki na ainihi ya ɓuya, daga ƙarshe a kashe ɗan riƙon don ya tafi da mugun ƙaddarar. An yi haka fiye da sau ɗaya a zamanin Esarhaddon kansa.

Abin da ya sa wannan tsari ya yi kwarjini shi ne akwai ilimi na haƙiƙa a cikinsa. Masu lura da sama na Babila sun yi ƙarnoni suna rubuta abin da suka gani dare bayan dare, har suka gane cewa husufi yana maimaita kansa bayan watanni 223, wato shekara 18 da 'yan kwanaki. Wanda ya iya gaya wa sarki daren da wata zai yi zazzaɓi, da wuya a ƙi gaskata shi idan ya faɗi ma'anar zazzaɓin.

Yahuda ba ta tsira daga wannan guguwa ba. Littafin Sarakuna na Biyu ya ba da labarin yadda Manassa ya gina wa rundunar sama wuraren yanka a farfajiyar Haikali, da yadda jikansa Yosiya, wajen shekara ta 622 kafin Miladiyya, ya kawar da dawakan da aka keɓe wa rana, ya ƙone karusanta. Littafin Irmiya ya yi kukan masu ƙona turare ga taurari a kan rufin soraye, da iyalai masu toya waina don wata allahiya da suke kira sarauniyar sama. Ezekiyel ya kwatanta wasu maza kimanin 25 a cikin Haikali, sun juya masa baya suna yi wa rana sujada. Saboda haka marubutan da za a ambata a nan suna jayayya ne da al'adar da ta shiga gidajen danginsu.

Shaidu biyu da ba sa mutuwa

Matakin farko na sauyin ya bayyana a littafin Maimaitawar Shari'a, na biyar a Attaura. Masana sun daɗe da lura cewa an gina shi a siffar takardar alkawari irin ta sarakunan yankin: tunatarwa a kan alherin da aka yi, sharuɗɗa, albarka ga mai cikawa, la'ana ga mai saɓawa. Wasu la'anonin ma sun yi kama da na Esarhaddon ƙwarai, kamar barazanar sama ta zama tagulla ƙasa ta zama ƙarfe. Sai dai idan aka zo gurbin shaidu, matsala ta taso. Mai tauhidi ba zai jera sunayen alloli ba. Abin da littafin ya yi shi ne ya kira sama da ƙasa su zama shaidu, sau da yawa, alhali a cikinsa ne aka haramta ɗaga kai a ruɗu da rana ko wata ko taurari har a bauta musu.

Zaɓin ya dace da wata doka ta littafin, wadda ta ce magana ba ta tabbata sai da shaidu biyu ko uku. Malaman Yahudawa na baya sun ƙara wani dalili: Annabi Musa mutum ne, zai rasu, masu sauraronsa ma za su rasu, don haka alkawarin da zai ɗaure jikoki yana bukatar shaidun da za su kai zamanin jikokin. A nan sama ba ta riƙe da sandar hukunci. Tana nan ne kawai, ta gani, kuma za ta kasance a nan ranar da za a tambaya.

Gwaji mafi tsanani ya zo a 586 kafin Miladiyya, lokacin da Nebukadnezzar ya rushe Urushalima, ya kwashe manyanta zuwa Babila. Mutanen da aka ci da yaƙi suka tsinci kansu a cibiyar ilimin taurari ta duniya, a hannun waɗanda suka fi su makami da lissafi. A irin wannan hali, hanya mafi sauƙi ita ce a yarda cewa allolin masu nasara sun fi ƙarfi. Rubuce-rubucen da masana ke dangantawa da wannan zamani sun bi wata hanya. Babi na 40 na littafin Ishaya ya umarci mai sauraro ya ɗaga ido ya tambayi kansa wane ne ya yi waɗannan, ya kuma siffanta taurari da sojojin da ake kiran sunansu ɗaya bayan ɗaya, babu mai fashi. Babi na 47 ya yi wa masu duban Babila ba'a, cewa su zo su ceci birninsu in sun isa. Babin farko na littafin Farawa kuwa ya jinkirta halittar rana da wata har kwana na huɗu, bayan haske da tsirrai, bai ma ambaci sunayensu ba. Ya kira su babbar fitila da ƙaramar fitila, ya ba su aikin rarrabe lokuta. Masu sharhi da yawa suna ganin an yi hakan da gangan, domin kalmar Ibrananci ta rana, shemesh, 'yar'uwar sunan Shamash ce.

Abin da masu hikima suka ƙara

Annabawa da marubutan shari'a sun sauke taurari daga gadon sarauta. Masu hikima ne suka tsaya suka saurari abin da shaidun ke faɗa. Kalmar da suke amfani da ita, hokma, tushenta ɗaya da hikma ta Larabci, wadda Hausa ta aro ta zama hikima. Littattafan wannan fanni, irin su Karin Magana da Ayuba da Mai Wa'azi, suna da wata siffa ta daban: ba su dogara da labarin fita daga Masar ko saukar wahayi a dutsen Sina ba. Hujjarsu ita ce abin da kowa ke iya gani, daga aikin tururuwa zuwa ƙarshen malalaci. Ga mai irin wannan hanya, babu littafin da ya kai sama girma, domin a buɗe take ga Bamisire da Bababile da Bayahude baki ɗaya. Babi na 8 na Karin Magana ya ba da dalilin da ya sa ake iya karanta ta: ya siffanta Hikima da wata mace da ke nan tun lokacin da ake kafa sammai. Ma'ana, da hikima aka yi ginin, saboda haka mai hikima zai ga alamarta a jikinsa.

Zabura ta 19 ita ce ta fi fito da tunanin fili. Rabinta na farko ya mai da sammai masu ba da labarin ɗaukakar Mahalicci, yini yana miƙa wa yini, dare yana miƙa wa dare, sannan ya ƙara da cewa wannan labari ba shi da lafazi ko sauti, amma ya game duniya. Rana ta fito a siffar ango mai barin ɗakinsa, da gwarzon da ke murnar tsere, waɗanda duka siffofi ne da maƙwabta za su iya yi wa Shamash. Bambancin shi ne a nan an kafa mata tanti an ba ta hanya, ita kuma tana bi. Sai waƙar ta juya kwatsam ga yabon Attaura, ta ɗauki siffofin da aka saba ba allan rana, kamar haskaka ido da adalcin hukunci, ta ɗora wa shari'a. A rabin farko an ambaci Allah sau ɗaya da sunan El, wanda al'ummun yankin suka yi tarayya a kansa. A rabi na biyu an ambaci keɓaɓɓen sunansa na Ibrananci sau bakwai. Ɗaya daga cikin sunayen da waƙar ta ba shari'a shi ne edut, wato shaida, kuma daga tushen wannan kalma ne Zabura ta 89 ta kira wata amintaccen mai shaida a cikin gajimare. Tsarin waƙar yana nuna cewa shaidar sama gaskiya ce amma bebiya ce: tana tabbatar da akwai Mai tsarawa, ba ta faɗin abin da yake so a yi.

Zabura ta 104 ta ba da misalin yadda ake karɓar kayan maƙwabta a sauya musu ma'ana. Masana sun lura da kamanninta da waƙar yabon Aten, faifan rana, ta zamanin Fir'auna Akhenaten a ƙarni na 14 kafin Miladiyya: zakoki na fita da dare, mutane na fita aiki da safe, jiragen ruwa na yawo a teku. A waƙar Masar rana ce abin yabo. A Zabura rana ma'aikaciya ce da ta san lokacin tashinta daga aiki.

Lokacin da aka yi wa shaidar tambayoyi

Da a ce a nan maganar ta tsaya, da ta zama wa'azi mai daɗi kawai. Littattafai biyu sun hana hakan. Littafin Ayuba, wanda masana da yawa ke sanyawa tsakanin ƙarni na 6 da na 4 kafin Miladiyya, an gina shi kamar ƙara. Mutumin kirki ya rasa 'ya'ya da dukiya da lafiya, abokansa sun nace cewa lallai ya yi laifi, shi kuma yana neman a tsayar da shi gaban shari'a. Kowane ɓangare yana kiran sama. Wani aboki ya ce sammai za su tona asirin mugu. Wani ya ce ko wata da taurari ba su da tsarki a gaban Mahalicci, balle mutum. A babi na 31, cikin jerin laifuffukan da Ayuba ya rantse bai aikata ba, har da cewa bai taɓa ganin rana tana haskawa ko wata yana tafiya cikin ƙawa ya sumbaci hannunsa ya miƙa musu ba. Wannan ya nuna marubucin ya san daɗin jarabar, bai ɗauke ta wauta ba.

Da amsa ta zo a babi na 38, tambayoyi ne a jere. Daga ciki akwai ko Ayuba zai iya ɗaure tarin taurarin Kima, waɗanda Larabawa ke kira Surayya, Hausawa kuma kaza da 'ya'yanta, ko ya kwance igiyoyin Kesil, ko ya san ƙa'idojin da sammai ke gudana a kai. Ba a gaya masa dalilin wahalarsa ba har littafin ya ƙare. An dai nuna masa tsarin da ya fi ƙarfin saninsa, wanda kuma ba domin shi kaɗai aka yi ba, tunda ana zubar da ruwan sama har a hamadar da ba kowa. Babi na 26 ya riga ya taƙaita matsayin, inda ya ɗauki duk abin da ido ke gani a matsayin gefen aikin kawai, raɗa ce idan aka gwada da tsawa.

Mai Wa'azi, wanda ake kira Kohelet da Ibrananci, kuma ake yawan dangantawa da ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ya fi haka tsauri. Ya kalli ranar da Zabura ta kira ango, ya ga mai haki da ke komawa inda ta fito don ta sake fitowa. Jimlar nan tasa ta ƙarƙashin rana ta maimaitu sau 29, kuma kusan duk inda ta fito, maganar wahala ce ko zalunci ko mutuwar da ba ta bambanta mai hikima da wawa. Bai musanta Mahalicci ba, bai musanta cewa kowane abu da lokacinsa ba. Abin da ya musanta shi ne cewa mutum zai iya karanta manufar aikin daga farko zuwa ƙarshe. Shigar waɗannan littattafai biyu cikin nassi ta sa al'adar ta riƙe abu biyu tare: sama tana shaidar iko da tsari, amma ba ta warware wa mutum matsalar adalci.

Ben Sira da rigimar kalanda

Bayan yaƙe-yaƙen Iskandar na Makidoniya, ƙalubalen ya sauya fuska. Yanzu ilimin Girkawa ne ke tashe. A Iskandariya ta Masar, wajen 240 kafin Miladiyya, Eratostenis ya auna kewayen duniya ta hanyar inuwar rana. Samarin manyan gidajen Urushalima sun fara ganin al'adar iyayensu kamar ƙauyanci. A wannan yanayi ne, wajen 180 kafin Miladiyya, wani malami mai makaranta a birnin, Yeshuwa ɗan Sira, ya rubuta littafinsa da Ibrananci. Jikansa, wanda ya isa Masar a 132 kafin Miladiyya, ya fassara shi zuwa Girkanci.

Ben Sira ya yi watsi da duba da camfi da fassarar mafarki, amma ya keɓe doguwar waƙa a babi na 42 da 43 ga halitta. Ya kira rana kayan aiki mai ban mamaki, ya gwada zafinta da na maƙera ya ce ta ninka. Ya siffanta taurari da masu gadin da ba sa gyangyaɗi a bakin aiki. Ya ce a dubi bakan gizo a yabi Wanda ya tanƙwara shi. A wani babin ya lura cewa halittun sama ba sa yunwa, ba sa gajiya, ba sa ture juna, ba sa ƙin umarni. Ko husufi, wanda ya sa Assuriyawa kashe sarkin riƙo, a wurinsa darasi ne na tawali'u: idan abin da ya fi komai haske yana dusashewa, ina ga nama da jini. Ya rufe waƙar da irin matsayin Ayuba, cewa abin da aka ɓoye ya fi abin da aka gani yawa.

Littafin Ahnukh, sunan da malaman tafsiri da yawa ke dangantawa da Annabi Idris, ya mai da wannan biyayya tuhuma. Babobinsa na farko sun ce a dubi fitilun sama yadda ba sa sauya hanya, a dubi rani da damina, sannan suka juya ga masu zunubi da cewa su ne kaɗai suka kauce. Har ma ya ba da labarin taurari bakwai da aka ɗaure a kurkuku saboda ba su fito a kan lokaci ba, wato shaidar ma tana ƙarƙashin doka. Sashensa na falaki, babi na 72 zuwa 82, wanda aka samu gutsattsarinsa da Aramiyanci a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri, ya lissafa ƙofofi shida a gabas da shida a yamma da rana ke bi, ya kafa shekara mai kwana 364, mako 52 cif, ta yadda kowane idi zai riƙa faɗowa a rana ɗaya ta mako har abada.

A nan shaidu suka raba kan masu sauraronsu. Ben Sira ya ce wata ne alamar idi. Littafin Yubili, na ƙarni na 2 kafin Miladiyya, ya yi gargaɗin cewa masu bin wata za su riƙa kawo shekara kwana 10 kafin lokacinta, domin shekarar wata kwana 354 ce, su gurɓata ranaku masu tsarki. Jama'ar Kumran sun riƙe kalandar 364, kuma wani sharhinsu ya ba da labarin yadda wani babban firist ya bi shugabansu har mafakarsa a ranar da su suke azumin kaffara, abin da masana ke ɗauka alama ce ta cewa ranar ba ta zo ɗaya da ta Haikali ba. Hanyar wata ce ta yi rinjaye a ƙarshe. Mishna, kundin shari'ar da aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya bayyana yadda mutum biyu ke zuwa kotu su shaida ganin jinjirin wata, a tambaye su tsayinsa da faɗinsa da inda ya karkata, har Rabban Gamaliyel yana da zanen siffofin wata a bangon ɗakinsa don gwada su. Duk wanda ya taɓa zaman jiran sanarwar fadar Sarkin Musulmi a daren 29 ga Sha'aban zai gane irin wannan zama.

Iskandariya da labarin Ibrahim

Littafin Hikimar Sulemanu, wanda wani Bayahude ya rubuta da Girkanci, galibi ana cewa a Iskandariya dab da farkon Miladiyya, shi ne ya mai da tunanin hujjar hankali. A babi na 7 ya lissafa sanin juyin shekaru da matsayin taurari cikin kyaututtukan Hikima, wato bai ɗauki ilimin falaki abokin gaba ba. A babi na 13 ya yi magana a kan waɗanda suka ɗauki wuta ko iska ko da'irar taurari a matsayin alloli. Ya ce daga girma da kyawun abin da aka yi ana iya ƙiyasta Mai yinsa. Ya sassauta musu, domin wataƙila neman Allah suke yi kyawun ya ruɗe su, laifinsu bai kai na masu bauta wa itacen da suka sassaƙa ba. Duk da haka bai wanke su ba: wanda basirarsa ta kai ya binciki duniya, me ya hana shi gano Mai ita? Masana da dama suna jin amon wannan hujja a farkon wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa.

A wannan zamani ne kuma aka yawaita ba da labarin Annabi Ibrahim a matsayin mutumin da ya fita daga bautar taurari ta hanyar kallonsu. Littafin Yubili ya nuna shi zaune da dare a Harran yana duban sama don ya san yadda damina za ta kasance, sai ya fahimci cewa alamun duka a hannun Allah suke. Filo na Iskandariya ya ɗauki hijirarsa daga ƙasar Kaldiyawa a matsayin hijira daga ilimin duba zuwa sanin Mahalicci. Yusifus, a littafin tarihin da ya kammala wajen 93 Miladiyya, ya kawo hujjar ta wata fuska: Ibrahim ya lura da rashin daidaito a tafiyar rana da wata da taurari, ya ce da suna da ikon kansu da sun gyara tafiyarsu. Mai karatu Musulmi zai tuna da ƙissar da ke cikin Suratul An'am, inda faɗuwar tauraro da wata da rana ta zama hujjar cewa ba su cancanci bauta ba.

Abin da ya rage

Yawancin waɗannan littattafai na baya ba su shiga kundin nassin Ibrananci ba. Kiristoci ne suka adana Ben Sira da Hikimar Sulemanu da Girkanci. Cikakken littafin Ahnukh ya tsira ne da harshen Gi'iz a cocin Habasha, daga can Jemis Burus ya kai kwafe Turai a 1773. Asalin Ben Sira na Ibrananci ya ɓace ƙarnoni, sai a 1896 wasu tagwayen mata 'yan Sikotlan, Agnes Luwis da Magaret Gibson, suka kawo wata takarda daga Gabas, Solomon Shekta na jami'ar Kembirij ya gane ta, aka bi sawu zuwa ma'ajiyar tsofaffin takardu ta majami'ar Ben Ezra a tsohuwar Alƙahira. A 1964 kuma, tawagar Yigal Yadin ta tono wani naɗaɗɗen kwafi a sansanin Masada, inda 'yan tawayen Yahudawa suka yi tsayuwarsu ta ƙarshe gaban Rumawa. Sashen da ya tsira ya fara daga babi na 39 zuwa na 44, kuma waƙar rana da wata da taurari tana tsakiyarsa.

Al'ummar da ta rubuta waɗannan matani ba ta taɓa yin fice a ilimin falaki kamar Babila ko Girka ba. Kalandar 364 ba ta yi daidai da shekarar rana ba, kuma sunayen watannin da Yahudawa ke amfani da su har yau, irin su Nisan da Tammuz, daga Babila aka aro su. Gudummawarta tana wajen raba tambayoyi biyu da maƙwabtanta suka cakuɗa: yadda sama ke tafiya, da wanda ya cancanci a yi wa sujada. Da zarar an raba su, mutum na iya koyon lissafin husufi daga hannun wanda ya ci shi da yaƙi ba tare da ya karɓi allolinsa ba, kuma babu sauran dalilin kashe wani bawan Allah don wata ya yi duhu. Farashin da masu hikimar suka biya shi ne sun haƙura da samun labarin gobe daga taurari, suka kuma yarda, tare da Ayuba da Kohelet, cewa akwai tambayoyin da shaidar sama ba ta amsawa.